Yadda Ake Ladabtar da Zuciya: Jagora ga Mai Son Rabuwa da Girman Kai da Son a Gani

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure ya biya Ahalari, ya bi ta kan wasu layuka a farkon littafin tun kafin a shiga babin tsarki. A nan ne Shehu Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, ya jero abubuwan da suka haramta ga baligi: ƙarya, giba, annamimanci, girman kai, jiji da kai, riya, yin aiki don a ji labari, hassada, ƙiyayya, da ganin ka fi wani. Malam ya fassara, ɗalibi ya amsa, aka wuce hukuncin ruwa. Alwala an koya mana ita gaɓa-gaɓa, an tsaya a kanmu har sai da muka iya tsefe yatsu. Amma yadda mutum zai fitar da girman kai daga ƙirjinsa, yawancinmu ba wanda ya zaunar da mu ya nuna mana. Muka taso muna ɗaukarsa abin da ake ji a wa'azi, a girgiza kai, a ce "Allah Ya kyauta", a tashi.

Alhali shi ma aiki ne mai tsari, kuma malamai sun daɗe da shimfiɗa shi. Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 857, ya shahara ne da yi wa kansa hisabi har abin ya zame masa laƙabi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware kashi ɗaya cikin huɗu na Ihya'u Ulumiddin ga cututtukan da ke halaka zuciya, wani kashin kuma ga abubuwan da ke tserar da ita. Matakan da ke tafe daga wannan gado aka tsamo su, kuma ba su buƙatar ka zama ɗan ɗariƙa ko ka fita daga cikinta.

Akwai tunani biyu da ya kamata ka ajiye tun daga bakin ƙofa. Na farko shi ne na "hali zanen dutse". Da haka ne, da wa'azi da tarbiyya duk sun zama ɓata lokaci, kuma da Allah bai ce a Suratush Shamsi wanda ya tsarkake ransa ya rabauta ba. Hali yana da wuyar sauyawa, amma yana sauyawa. Na biyu shi ne zaton cewa ana kashe son zuciya gaba ɗaya. Ba a kashe shi, kuma ba a so a kashe shi. Wanda ba ya fushi sam ba zai kare iyalinsa ba. Abin da ake nema shi ne ka riƙa jan zuciyarka maimakon ita ta riƙa janka. Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusuf, da mai yawan zargin kansa a Suratul Ƙiyama, da natsattse a Suratul Fajri. Yawancinmu muna kai-kawo ne tsakanin na farko da na biyu a cikin yini guda, wani lokacin ma a cikin zance guda.

Mataki na farko: gano ciwonka, ka kira shi da sunansa

Wanda ya ce "zan gyara halina" bai faɗi komai ba. Wane hali? Laifi tudu ne, kowa naka yake takawa ya hango na wani, don haka gano shi na buƙatar idon da ba naka ba. Gazali ya kawo hanyoyi huɗu. Ka zauna da malami mai basira wanda zai gaya maka gaskiya. Ka nemi aboki mai amana ka ɗora masa nauyin ya riƙa nuna maka aibinka. Ka saurari abin da maƙiyanka ke faɗa a kanka. Ka lura da abin da kake ƙi a jikin mutane, ka bincike shi a naka.

A ganina ta uku ta fi ɗaci kuma ta fi saurin amfani. Aboki yana jin nauyinka, zai ce "ai ba komai". Wanda kuka yi faɗa da shi kuwa ba ya ɓoye komai. Cire zagin da ƙarin gishirin, ka duba abin da ya rage. Idan mutum uku da ba su san juna ba, a lokuta daban-daban, kowa ya taɓa ce maka "kai ba a gaya maka gaskiya", to ba taron dangi suka yi maka ba.

Ga ma'aunin da ya fi kowane. A hadisin Ibnu Mas'ud da ke cikin Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ke da gwargwadon ƙwayar zarra na girman kai a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Wani ya ce, ai mutum yana son tufafinsa da takalminsa su yi kyau. Sai ya amsa cewa Allah Mai kyau ne, Yana son kyau. Girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ke nan shadda mai tsada ba ita ce alamar ba. Mai yagaggiyar riga yana iya fin mai babbar riga girman kai. Tambayi kanka: yaushe rabon da na ce wa wanda ya girme ni ko na girme shi "gaskiyarka, ni na yi kuskure"? Idan aka yabi sa'ana a gabana, me nake ji a ƙirjina? Idan na yi alheri ba a gode mini ba, kwana nawa abin yake yi yana cina? Amsar ta farko tana nuna girman kai, ta biyu hassada, ta uku riya.

Zaɓi ɗaya tak, wanda ya fi cutar da na kusa da kai. Sauran su jira.

Mataki na biyu: tuba, da sauke haƙƙin mutane

Sharuɗɗan tuba sanannu ne: nadama, daina laifin nan take, da ƙudurta ba za a koma ba. Idan akwai haƙƙin wani, sai an mayar ko an nemi yafiya. Wannan na ƙarshen ne mutane ke tsallakewa, domin istigfari dubu a kan darduma ya fi sauƙi a kan zuwa ƙofar gidan ƙaninka ka ce "na zalunce ka, ka yafe mini". Ka je ɗin. Kada ka haɗa da "amma kai ma", domin da zarar "amma" ta shigo, neman yafiya ya koma shari'a.

Mataki na uku: ƙulla sharaɗi da safe

Gazali ya kwatanta hankali da ɗan kasuwa, zuciya kuma da abokin cinikin da aka danƙa wa jari. Duk wanda ya taɓa barin yaro a shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari ya san tsarin: da safe a gaya masa farashi da wanda ba a ba bashi, da rana a riƙa leƙowa, da yamma a rufe ƙofa a yi lissafi. Jarin a nan shi ne sa'o'in yininka.

Bayan sallar asuba, kafin ka taɓa waya, ka zauna minti biyar. Ka hango yinin: wa zan haɗu da shi yau, a ina ciwon nan ya saba motsawa? Sai ka gindaya sharaɗi ƙarami wanda da dare za a iya cewa an cika ko ba a cika ba. "Yau zan zama mai tawali'u" ba sharaɗi ba ne, fata ne. Sharaɗi shi ne: yau ba zan katse kowa yana magana ba. Ko: yau a wurin aiki ba zan ambaci abin da na yi wa kowa ba. Ko: idan maigida ya dawo ba zan fara da gori ba. Sannan ka roƙi taimako da addu'ar da Zaidu ɗan Arƙam ya ruwaito a Muslim, wadda ma'anarta ita ce: Ya Allah Ka ba raina taƙawarsa, Ka tsarkake shi, Kai ne mafi alherin mai tsarkake shi. Addu'ar ba ado ba ce. Wanda ya shiga wannan aiki yana dogaro da ƙarfin niyyarsa, ya riga ya ba jiji da kai wurin zama tun a sahun gaba.

Mataki na huɗu: tsaro da rana

Nan ne aikin yake. Babu wanda ke faɗawa cikin zagi ko gori kai tsaye. Da farko tunani ne ke ɗarsuwa, sai sha'awar bin sa, sai ƙuduri, sai aiki. Ba a kama mutum da abin da ya ɗarsu a ransa, amma a nan ne ya fi sauƙin tarewa. Idan ya kai harshe, ya riga ya yi ƙarfi.

Ɗauki misalin majalisa bayan la'asar. Ka kawo wata magana, ka ce abu kaza a shekara kaza ya faru. Wani yaro da bai kai ƙaninka na uku ba ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "Yaya, ba haka ba ne fa." Lura da abin da ke faruwa kafin ka buɗe baki. Kunnuwa sun yi zafi. Ƙirji ya ɗaure. Ido ya zagaya ya ga wa ya ji. Ƙwaƙwalwa ta bar neman gaskiyar maganar, ta koma neman abin da za ta ce don a mayar da yaron wurinsa: "Kai yaushe aka haife ka?" Duk wannan bai wuce daƙiƙa biyu ba. Abin da kake koyo shi ne ka gane zafin kunnen nan a matsayin ƙararrawa, ka ja numfashi, ka ce, "To, karanto mana mu ji." Idan yana da gaskiya, ka faɗa a gaban waɗanda suka ji musun, ba bayan an watse ba. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Kafin duk wani aiki mai nauyi, musamman na alheri, tambayoyi uku sun isa: don me zan yi, ta yaya zan yi, don wa zan yi? Wannan shi ne ihsanin da aka fassara a hadisin Jibrilu, ka bauta wa Allah kamar kana ganinSa, idan ba ka ganinSa to Shi Yana ganinka, amma an sauko da shi daga kan darduma zuwa bakin kasuwa da cikin wayar hannu.

Mataki na biyar: hisabi da dare

An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Bayan isha'i, ka ɗauki ɗan littafi da biro. Rubuta abu uku a taƙaice: na cika sharaɗin ko ban cika ba; a ina kuma da wa; me ya faru kafin nan. Na ukun ya fi muhimmanci. Bayan mako biyu za ka fara ganin zare. Wani zai tarar fushinsa kusan kullum kafin cin abinci yake zuwa. Wata za ta ga hassadarta tana tashi ne duk daren da ta daɗe tana kallon hotunan biki a Instagram. Wani kuma zai gano cewa a waje mutumin kirki ne, duk rashin haƙurinsa a gida yake sauke shi.

Idan ka cika, ka yi hamdala, kada ka yaba wa kanka. Idan ka saɓa, ka yi istigfari ka ci kanka tara mai ma'ana: sadakar da za ka ji fitarta, ko nafila raka'a biyu, ko kiran wanda ka ɓata wa rai tun kafin ka kwanta. Tarar ta zama cikin abin da shari'a ta yarda da shi. Ba a cutar da jiki. Littafin kuma kada kowa ya gani. Da zarar ka fara rubutu kana tunanin mai karantawa, ka koma tallar kanka.

Mataki na shida: yi wa kowace cuta magani da kishiyarta

Ilimi kaɗai ba ya cire hali. Sai an tilasta wa gaɓoɓi yin akasin abin da zuciya ke so, a maimaita har ya zama jiki. Da farko za ka ji kamar ƙarya kake yi. Ba ƙarya ba ce, koyo ne.

Girman kai: riga kowa sallama, musamman wanda kake ganin shi ya kamata ya fara gaishe ka. Ɗauki kayanka da kanka daga kasuwa. Zauna inda ka samu wuri a taro, kada ka tsaya jiran a kira ka gaba. Shiga aikin gida. Da aka tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa ne, idan lokacin sallah ya yi ya fita. Mai tunanin wanke kwano zai rage masa daraja, ya tuna Hausawa sun riga sun kira girman kai rawanin tsiya.

Riya: maganinta aikin ɓoye. Ka samu ibada ɗaya da babu mahalukin da ya sani, ko matarka, ko mijinki. Cikin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarSa akwai wanda ya yi sadaka ya ɓoye har hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba. A wannan zamani gwajin a fili yake: ka kai buhun shinkafa gidan marayu ka bar wayar a aljihu. Ka biya wa wani kuɗin magani a asibiti ka fita ba tare da ka bar suna ba. Sai ka lura da yadda labarin zai riƙa yi maka ƙaiƙayi a harshe kwana da kwanaki, yana neman wata hira da zai saƙala kansa a ciki, "af, jiya ma da na je asibiti..." Ƙaiƙayin nan shi ne ciwon da kake nema, ga shi ka gan shi da idonka. Hadisin Abu Huraira a Muslim game da mutum uku da za a fara yi wa hukunci, wanda aka kashe a fagen fama, da malami makarancin Alƙur'ani, da mai kyauta, ya isa ya hana mutum barci: dukansu ayyukansu manya ne, kuma kowanne an ce masa ka yi ne don a faɗa, kuma an faɗa.

Jiji da kai: bi kowace baiwa zuwa asalinta. Ƙwaƙwalwar da ka ci jarrabawa da ita, kai ka ƙera ta? Iyayen da suka sa ka makaranta, kai ka zaɓe su? Ƙaruna ne ya ce an ba shi dukiya saboda ilimin da ke wurinsa, kuma Suratul Ƙasas ta faɗi ƙarshensa. Idan an yabe ka, kada ka yi ta musun ƙarya don a ƙara. Yi irin addu'ar magabata: Ya Allah kada Ka kama ni da abin da suke faɗa, Ka gafarta mini abin da ba su sani ba.

Hassada: yi wa mutumin addu'ar ƙarin alheri da sunansa, a cikin sujada. Ka yabe shi a bayan idonsa. Idan da hali ka kai masa kyauta. Yana da ɗaci sosai a makon farko.

Fushi: Annabi (SAW) ya ce mai ƙarfi ba shi ne gwanin kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa yayin fushi. Ka nemi tsari daga Shaiɗan, idan kana tsaye ka zauna, idan bai tafi ba ka kishingiɗa. Ƙarin da zamani ya kawo: kada ka tura saƙo ko murya a WhatsApp kana cikin zafi. Rubuta, ajiye, karanta da safe.

Mataki na bakwai: rage wa zuciya abin da take ƙiba da shi

Malaman tarbiyya sun yi ta nanata rage abu huɗu: ci, barci, magana, da yawan cuɗanya marar amfani. Ba sai ka shiga halwa ba. Azumin Litinin da Alhamis, ko na ranakun 13, 14 da 15 na watan Musulunci, yana koya wa zuciya jin kalmar "a'a" a kan halal, sai ta fi saurin jin ta a kan haram. Bar jayayya ko da kana da gaskiya, a ƙalla sau ɗaya a yini. Abu Dawud ya ruwaito alƙawarin gida a gefen Aljanna ga mai yin haka. Ka riƙe zikiri tsayayye safe da yamma, gwargwadon abin da ba za ka gaza ba. Annabi (SAW) da kansa yana neman gafara fiye da sau 70 a yini, kuma ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Istigfari 100 da ake yi kullum shekara guda ya fi 5,000 da aka yi mako ɗaya aka watsar.

Tarkon da ke jiran wanda ya fara nisa

Zuciya idan aka kore ta daga ƙofar dukiya da ado, ta ƙofar addini take dawowa, kuma a nan ta fi wuyar ganewa. Gazali yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai kusan 300 a gabansa, sai ya binciki niyyarsa ya tarar ba don Allah tsantsa yake yi ba, neman matsayi da suna ne ke tura shi. Ya yi wata shida yana ja-in-ja da kansa har harshensa ya ɗaure ya kasa karantarwa, sannan ya bar garin a 1095 ya nufi Sham. A ƙasarmu ma, a wajajen 1807 Malam Abdullahi na Gwandu ya bar rundunar jihadi da niyyar tafiya gabas, saboda abin da ya gani na kwaɗayin mulki da dukiya a tsakanin wasu da aka fito tare domin Allah. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi. Idan irin waɗannan wurare ba su tsira ba, majalisin karatunmu da ƙungiyoyin agajinmu ba su da dalilin sakin jiki.

Alamar tarkon ita ce ka fara kallon waɗanda ba sa azumin nafila da tausayin da ke da raini a ciki, ko ka ji kana son a lura da yadda ka sauya. "Ni na fi shi" ita ce maganar Iblis a Suratul A'araf, kuma ba ta sauya hukunci don mai faɗinta yana riƙe da carbi. Amma kada tsoron riya ya sa ka bar aiki. An ruwaito daga Fudailu ɗan Iyad cewa barin aiki saboda mutane riya ne, yin sa saboda mutane kuma shirka ne. Idan kana sallah wani ya shigo masallaci ka ji sha'awar tsawaita sujada, kada ka tsawaita kuma kada ka gajarta, ci gaba yadda ka faro.

Ci gaban ba a auna shi da hawaye a tahajjudi ko mafarkai masu daɗi. Tambayi matarka, ko mijinki, ko yaron shagonka, ko 'yar aikin gidanku: na fi sauƙin zama a wata ukun nan? Su ne suke ganin abin da jama'ar masallaci ba sa gani.

Idan ka faɗi

Za ka faɗi, kuma ba sau ɗaya ba. Ka yi istigfari, ka biya tarar, gobe da asuba ka sake ƙulla sharaɗin nan dai. Idan ka kwana bakwai a jere kana saɓawa, sharaɗin ne ya yi maka girma, rage shi. Maimakon "ba zan yi fushi yau ba", mayar da shi "ba zan ɗaga murya a kan yara tsakanin magariba da isha'i ba".

Ka kuma bambance zargin kai mai amfani da wanda ke rusa mutum. Na farko yana kai ka ga gyara, na biyu yana ce maka kai ba ka da rabo. Wannan na biyun ya saɓa wa aya ta 53 a Suratuz Zumar da ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah. Wanda ya ga hisabin dare ya koma masa waswasi, yana maimaita niyya da alwala ba iyaka, ko baƙin ciki ya hana shi ci da barci makonni, ya dakatar da littafin, ya ga malami mai hankali, ya kuma ga likita. Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, kuma Annabi (SAW) ya gaskata shi.

Kada ka yi gaggawar komawa kan ciwo na biyu. Ba wa na farkon a ƙalla wata biyu ko uku. Idan ka ga abin da da yake buƙatar cije leɓe ya fara zuwa ba tare da kokawa ba, kuma na kusa da kai sun shaida ba tare da ka roƙe su ba, sai ka buɗe sabon shafi a littafin ka rubuta suna na gaba. Tsohon kuma ka riƙa leƙa shi ranar Juma'a, domin yakan dawo a lokacin gajiya, ko rashin lafiya, ko sabon muƙami.